Alkamar da Yalwa Ta Bari

Sabon Gida, ƙarshen Janairu

Zuwa ga Kawu Mahfuzu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kana lafiya, kai da Tanti Amina da yara, da ɗalibanka na kwalejin Keita. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Baba da ta hana shi zuwa garka tun shigowar sanyi. Yanzu ni ce mai ban ruwa, ni ce mai korar tsuntsu.

Ka ce in riƙa rubuto maka don kada hannuna ya manta biro tunda na bar karatu a lakwal. To ga shi na rubuta, zan ba Ɗangana direba ranar kasuwa.

Kawu, alkamar Inna ta fitar da kai. Ka san a duk garkunan fadamarmu ni kaɗai nake shuka wannan gajerar jar alkama, sauran mutane albasa suke yi, ko sabon irin alkama da ƙungiyar masu garka ke rabawa. Da hantsi, in iska ta biyo fadama, sai fangulan su riƙa kwanciya suna tashi kamar ruwan tafki. Nakan tsaya da fartanya a hannu har in manta ruwa yana gudu. Wani lokaci sai in ji kamar in na juya zan ga Inna a bakin rijiya tana ɗaure kallabi. Shekara biyu ke nan da rasuwarta, amma a garka ban taɓa jin ta yi nisa ba.

Abin da ya dame ni shi ne, akwai waɗansu kawuna da suka riga saura fitowa, sun ɗan fi su tsawo, baƙi ƙirin kamar an tsoma su cikin kwalli. In na taɓa sai gari ya zubo mini a tafin hannu. Bara na ga ƴan kaɗan, ban kula ba. Bana ko'ina na duba akwai. Baba ya ce burtuntuna ce irin ta dawa. Amma Kawu, kafin shuka sai da na cakuɗa irin da jan garin maganin da muke sa wa gero da dawa, har hannuna ya kwana da ja. Irin kuwa ni na zaɓe shi da kaina, ƙwaya ƙosassa, babu ko ɗaya mai tabo. To ta ina abin ya shigo?

Ɗiyarka,
Hafsa


Keita, farkon Fabrairu

Ɗiyata Hafsatu,

Na amsa gaisuwarki, kuma na yi murna da ganin rubutunki, har yanzu yana nan tsaye kamar na malamar makaranta. Mu duka lafiya. Ki gaida Malam Muntari, ki ce masa ya bar gardama ya je likita da gwiwar nan.

Da na karanta wasiƙarki sai na ajiye takardun da nake gyarawa, na fita bakin ƙofa na zauna ina kallon tsaunuka. Alkamar nan na san ta tun kafin in san baƙi. Ranar da aka kai yayata Yalwa ɗakin babanki, daga Karofane, kakarki ta ƙulle tiya guda a cikin tsumma ta sa a ƙasan kwanukan aure. Haka matan gidanmu suke yi: ɗiya ba ta fita gida ba tare da irin uwarta ba. A Karofane rijiyoyin garka sun ƙafe, an daina shuka ta tuntuni. Wadda ke hannunki ita ce ta rage.

Yanzu ki saurara, kamar kina benci na gaba. Babanki ya yi gaskiya, burtuntuna ce, wata irin funfuna mai rayuwa a jikin tsiro. Amma ta alkama iri biyu ce. Akwai wadda ƙurarta ke manne wa bayan ƙwaya, ana gane ta wajen sussuka, ƙwaya ta fashe da baƙin gari mai warin ruɓaɓɓen kifi. Wannan jan maganinki yana kashe ta. Taki ba ita ba ce. Taki mai wayo ce. Lokacin da alkama take fure, furen yakan ɗan buɗe baki, sai iska ta ɗauko baƙar ƙurar nan ta zuba masa. Ƙurar ta tsiro ta shige can cikin zuciyar ƙwaya tun tana ruwa-ruwa, ta kwanta ta yi barci. Ƙwaya ta ƙosa, ta yi kyau, ki zaɓe ta da hannunki. Baɗi in kin shuka kin ba ta ruwa, su farka tare, su girma tare, ɗaya cikin ɗaya, har ranar fitar kai. Maganin da kika shafa a waje bai san da ita ba.

Ina gaya wa ɗalibaina, abin da kuke gani baƙi a gona bana, bara aka yi shi. Abin da ake yi bana kuma, ba za ku gan shi ba sai baɗi.

Don haka kada ki jira. Ki cire baƙaƙen kawunan nan duka, tun saura ba su gama fure ba. Ki sa su cikin buhu, ki fitar da su daga garka, ki ƙone. Ki yi da sassafe, lokacin da raɓa ta danne ƙura kuma iska ba ta taso ba.

Kawunki,
Mahfuzu


Sabon Gida, tsakiyar Fabrairu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaida gida. Baba da sauƙi, ya soma takawa da sanda. Ni ma lafiya, amma raina ba daɗi.

Na yi abin da ka ce, ko in ce na ɗauka na yi. Da safe injin ban ruwa a hannunmu yake, ba a barin layi ya wuce, sai na bari sai bayan azahar. Na kira Mardiya ɗiyar Gwaggo ta taya ni. Muka bi fangali-fangali muna tumɓuke masu baƙin kai, muna kakkaɓe ƙasar saiwarsu a gwiwa kamar yadda ake yi wa ciyawa. Buhun da na kawo ya cika tun ba mu yi rabi ba, sai muka ɗaure saura dami biyu.

Da na ce zan ƙone, Baba da ke zaune a inuwar mangwaro ya ce, "Ke, mi kike hwaɗi? Ɗanyen haki cikin rani za ki sa ma wuta, ga rago gida yana cin kwali? Kawunki malamin lakwal ne, bai da bisa ko guda." Na ga kamar da gaskiyarsa, na ce ai cirewar ita ce muhimmiya. Muka ɗora damunan a ka, muka bi ta kan babbar kunyar da ta ratsa garkunan mutane har bakin gari. Iska tana kaɗawa. Mardiya tana gaba, ina ganin wani siririn hayaƙi yana tashi daga kanta yana kwantawa bisa alkamar mutane, har na ce a raina abin da kyau, kamar turaren wuta. Da muka isa gida fuskokinmu baƙi, muna ta yi wa juna dariya.

Baba Alhassan, shugaban ƙungiyarmu, ya gan mu. Washegari ya zo da malamin gona, suka zagaya. Malamin ya yi bayani irin naka, har da barcin da abin ke yi cikin ƙwaya. Sai na tuna alkamar Baba Alhassan da ta mutum huɗu tana tsakar fure a ranar.

An yi taro ƙarƙashin gawo. Ba a zage ni ba, da ma an zage ni. Baba Alhassan ya ce, "Hafsa ɗiyarmu ce, Yalwa kuwa kowa ya ci alkakinta. Amma wagga tsohuwar alkama ta gaji. Bana ta ƙare shekarunta cikin fadamar ga." Kowa ya amince. Waɗanda ƙurar ta shafa ba za su ajiye iri daga gonarsu ba bana, sai sun nemo sabo.

Kawu, ka faɗa mini gaskiya. Shi ke nan?

Hafsa


Keita, ƙarshen Fabrairu

Hafsatu,

Gaisuwa a gurguje, Ɗangana yana ta danna mini oda a waje. Muna lafiya, sai ƙaramin yaronmu da ke tari.

Laifin rabi nawa ne. Na rubuta miki kamar ina magana da wanda ya taɓa gani. Kamata ya yi in ce ki rufa wa kowane kai leda tun yana tsaye, ki ɗaure, sannan ki yanke. Buhun na tsare ƙura ne, ba na ɗauka ba. Ban kuma tuna da ragon ba, ni da na tashi ina yi wa awaki ciyawa. Ki je ki ba Alhassan da sauran haƙuri, ki je da kanki, kada ki aika.

Maganar da suka yi ba zalunci ba ce. Irin nan, a yadda yake, bai kamata ya sake komawa ƙasa ba. Cinsa dai ba ya cutarwa, wannan ki kwantar da hankalinki.

An tura mu Tawa horon malamai, gobe za mu tashi. Akwai wanda nake son in gani a can. Zan rubuto.

Kawunki


Sabon Gida, ana saura kwana kaɗan Sallah

Zuwa ga Kawu,

Barka da shan ruwa. Ina fata azumi yana zuwa da sauƙi, kuma tarin ƙaramin ya wuce. Baba yana azuminsa lafiya. Wayarsa ta faɗa rijiyar garka tun farkon wata, in ka kira ba ka samu ba, dalilin ke nan.

Kowace ranar kasuwa sai na je tasha. Ɗangana ya gaji da ni, da ya hango ni sai ya buɗe hannuwa ya ce, "Yau ma babu, ƴar Malam. Kawun naki ko ya yi sabuwar ɗiya a Tawa?" Nakan yi dariya, in dawo gida in sake karanta ta ƙarshen. Ka ce bai kamata ya sake komawa ƙasa ba. Na juya maganar ta kowace fuska, na ga kai ma ka yanke hukunci irin na ƙarƙashin gawo, kunya ce ta hana ka ƙara rubutowa. Ba komi Kawu. Na ba mutane haƙuri gida-gida kamar yadda ka ce.

Mun girbe. Duk da abin da ya faru ta ba da buhu ɗaya da ƴan tiyoyi. Da na sheƙe ta na zuba a tabarma, ja-jawur, sai na kasa gane yadda abu mai kyau haka zai kasance da ciwo a ciki. Na ce tunda ba za ta sake ganin ƙasa ba, bari ta tafi ta hanyar da Inna za ta so. Kullum da la'asar ina murza taliya, ina soya funkaso, ina aikawa masallaci da gidajen da na ɓata wa iri, sadaka ga Inna. Unguwa duka ƙanshinta take yi. Tsofaffi suna cewa rabonsu da wannan ɗanɗanon tun tana raye. Wani lokaci ina murzawa sai in ga kamar hannunta ne a kan faifan, ba nawa ba.

Tukunyar da Inna ke ajiye iri ma na buɗe ta, na wanke, na kife. Tiya uku suka rage, na yi wa Gwaggo alkawarinsu, za a yi alkakin bikin Mardiya bayan Sallah. Daga nan shi ke nan.

Baɗi albasa zan yi kamar kowa.

Ɗiyarka,
Hafsa


Keita, kwana uku bayan Sallah

Hafsatu, ɗiyata,

Barka da Sallah, muna lafiya, sauran gaisuwa sai na zo. KADA KI NIƘA TIYA UKUN NAN. Na ba mai babur ɗin kabu-kabu wannan takarda ya kawo miki hannu da hannu, don ba zan iya jiran ranar kasuwa ba.

Jiya na dawo na tarar da wasiƙarki. Horon ya ja fiye da yadda aka ce, daga nan zazzaɓi ya kwantar da ni a gidan wani aboki. Na kira wayar babanki har na gaji. Da na karanta cewa kin kife tukunyar Yalwa, Amina ta ce fuskata ta canza. Ɗiyata, na ce "a yadda yake". Ina nufin sai an yi masa magani. Na san abin da nake shirin nema, shi ya sa na ga kamar na faɗa, ashe a cikin kaina kawai na faɗe shi.

Wanda na je gani wani tsohon malamina ne, ya yi shekaru yana aikin iri. Ya ce hanya uku ce. Akwai maganin da ke ratsa ƙwaya ya shiga har zuciyarta, ba irin jan nan ba. Na zagaya shaguna ban samu wanda na amince da shi ba, kuma irin da aka sa wa shi ba mai ci, ko kaza. Akwai ruwan zafi, amma sai da ma'auni a hannu, in ya ɗara kaɗan kin dafa irinki, in ya gaza kin yi aikin banza. Ta ukun ita ce ta sa na kasa zama. Rana ce, Hafsa. Ranar bazarar nan tamu da muke ta kuka da ita.

Kin tuna na ce abin barci yake yi? Mai barcin nan zafi ba ya yi masa komi. Amma in ya ji ruwa sai ya ɗauka an yi shuka, ya farka, ya soma miƙa. A lokacin nan ba shi da ƙarfi ko kaɗan. Ita kuwa ƙwayar alkama nauyin barci gare ta, ba ta riga ta motsa ba. Sai ki ba su rana su biyun. Shi ya mutu, ita ta bushe ta ci gaba da barcinta har sanyi ya zo.

Ga yadda za ki yi. Ki jira tsakiyar bazara, ranar da babu gajimare ko ƙura, irin ranar da ba a iya taka ƙasa ba takalmi. In rana ta fito ta ɗan ɗaga, ki jiƙa irin cikin ruwan randa, ruwan ya rufe shi. Ki bar shi har rana ta take tsaka, kada ya wuce haka, in ya daɗe ƙwayar ma za ta farka. Ki tsame, ki shanya bisa daɓen siminti, shimfiɗa mai kauri ɗaya, kada wata ta hau wata. Ki riƙa motsawa har la'asar. Washegari ki sake shanyawa sai ƙwaya ta yi ƙaras a haƙori. Ki mai da ita tukunya, ki liƙe.

Ba zan ɓoye miki ba, waɗansu ƙwayoyin za su mutu, kuma ba lalle ne kowane mai barci ya farka ba. Bayan kwana biyu ki ɗebi cikin tafin hannu ki naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ki ga nawa za su tsiro. Ki nuna wa malamin gona, shi ma ya sa ido.

Tun da na ji wannan nake ganin Yalwa tana shanya a tsakar gidanmu na Karofane, tana korar kaji da kara, rana tana dukan ƙeyarta. Da ta san wannan dabara, da ta yi mini gori shekara goma.

Gwaggonki za ta yi faɗa. Ki ce ni na sa.

Kawunki,
Mahfuzu


Sabon Gida, tsakiyar Mayu

Kawu,

Gaisuwa da fatan zazzaɓin bai dawo ba. Muna lafiya, zafi ne kawai, dabbobi ma sun daina kuka.

Takardarka ta same ni alkamar tana gidan Gwaggo, an riga an auna. Na je na tsuguna na ce a ba ni abata. Gwaggo ta riƙe haɓa ta ce, "Yau na ga ikon Allah. An ba amarya, an dawo amsa? Mahfuzu yana can bisa dutsi yana tuƙa mu da biro!" Mardiya ce ta cece ni. Ta ce, "Inna ki ba ta. Ni dai kada a kai ni da alkakin da zai sa Hafsa ta yi ta kallona kamar na cinye mata uwa." Na kai musu albasar Baba aka musanya da alkamar kasuwa. An yi biki lafiya, alkakin ya yi fari fat, ba ɗanɗano, Gwaggo tana gaya wa duk wanda ya ɗauka laifin wa ne.

Ranar Talatar da ta wuce na yi aikin. Siminti sai a barandar masallacin unguwa, na roƙi liman ya ba ni. Da na zuba irin cikin ruwa sai ƙananan kumfa suka riƙa tasowa, na tsuguna ina kallo, ina cewa a raina, tashi, tashi, an yi shuka. Ban taɓa yaudarar wani abu da gangan ba sai ran nan. Da rana ta take na shanya. Daɓen yana ƙona tafin hannu. Na zauna a ƴar inuwar bango, tururi yana tashi sama-sama, komi yana rawa a idona, har barandar ta koma mini kamar garka, kore shar, iska tana bi. Masu zuwa azahar suka riƙa tsallake shanyata suna tambaya ko taliya zan yi.

Na gwada a tsumma. Cikin kowace goma, bakwai ko takwas sun fito da farin ɗan haƙori. Na kai wa malamin gona, muka tafi wurin Baba Alhassan tare. Ya juya tsumman ya ce, "Tsirowa daban, lahiya daban." Malamin ya ce ya san dabarar a takarda, bai taɓa ganin an yi ba. Daga ƙarshe Baba Alhassan ya ce in shuka a ƙuryar gabas, bayan garkunan albasa, inda babu alkamar kowa kusa. Amma da sharaɗi, kuma a gaban mutane ya faɗa: in aka ga baƙin kai ko guda, zan nome ta da hannuna tun ba ta yi fure ba, kuma ba za a sake maganar ba. Na ce na yarda.

Yanzu tana cikin tukunya, na liƙe da laka. Sai jira.

Hafsa


Keita, Nuwamba

Ɗiyata,

Muna lafiya, an koma lakwal, aji ya cika har taga. Na ji daga Ɗangana cewa kin shuka. Ya ce kin hana shi tsayawa kusa da fangulan wai kada ya yi musu baki.

Ki tuna kin rasa waɗansu ƙwayoyi, in kin ga gurbi kada ki tsorata. Daga yanzu har fitar kai babu abin da ido zai nuna miki, mai lafiya da marar lafiya ganyensu ɗaya. Kada ki ɓata idonki wajen leƙe. Ki ba ta ruwa, ki yi mata taki, ki ci abinci. Amma ki tanadi leda da zare a gefen zanenki tun yanzu, ki riƙa zagayawa da sassafe in ta soma ciki.

Na ba ƴan ajina labarinki, ban faɗi suna ba. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to in guda ta ƙi farkawa fa?" Na ce mata ban sani ba, muna jira tare.

Kawunki


Sabon Gida, farkon Fabrairu

Zuwa ga Kawu Mahfuzu,

Ina gaishe ka da Tanti da yara. Baba lafiya, har garka yake zuwa yanzu. Ka gaida yarinyar da ta yi tambaya, ka ce mata ga amsa.

Guda biyu sun ƙi farkawa.

Shekaranjiya na gan su, da sassafe, raɓa ba ta bushe ba. Kwana da kwanaki ina zagayawa, kawuna suna fitowa kore, masu gashi, ɗaya bayan ɗaya, har na soma sakin jiki. Sai ga su a fangalin ƙarshe, kusa da juna, sun ɗan ɗaga kai sama da saura, fatar da ta rufe su ba ta ko fashe ba. Na rufa musu leda a hankali kamar ina kama fara, na ɗaure, na yanke.

Kawu, babu kowa a fadamar. Tsuntsaye kawai. Wani rami da ke gindin rijiya yana kallona, in na jefa ledar ciki na rufe, ba mai sani. Na tsaya da ledar a hannu har rana ta hau, ina duban fangulan Inna, dubban kawuna masu lafiya suna jiran fure. Na tuna gidajen da na bi ina ba da haƙuri. In akwai ta uku da ban gani ba, gonar wani za ta je.

Na tarar da Baba Alhassan yana cire albasa. Na gaishe shi, na miƙa masa ledar, na ce, "Baba, ga abin da muka yi sharaɗi a kai. Biyu ne."

Bai karɓa ba. Ya goge hannu a riga, ya ce in wuce mu je. Ya shiga fangulan da kansa, layi-layi, yana buɗa alkamar da bayan hannu, yana sunkuyawa. Ya daɗe ƙwarai. Ni ina bakin kunya, na riga na soma tunanin fartanyar da zan ɗauko. Da ya fito wandonsa ya jiƙe da raɓa har gwiwa. Ya tsaya yana kallon gonar, ya ce, "Haka take tun zamanin uwarki, gajera, sai taurin kai."

Na sake miƙa masa ledar. Ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Ni na ce in an ga baƙin kai cikin gona. Na shiga gona, ban gani ba. Wannan da ke hannunki leda ce, ni kuwa ban yi sharaɗi da leda ba." Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. "Ranar Juma'a zan hwaɗa ma mutane biyu ne, kuma ke kika kawo su. Wanda ke da magana ya yi da ni. Kullum da sahe ki zagaya. Baɗi ma nan ƙurya za ki zamna, kuma ki sake kai ta rana. Je ki ƙone wannan, kada Muntari ya gani ya tuna da ragonsa."

Na ƙone su a bayan rijiya, ban buɗe ledar ba.

Yau da safe ta soma fure. Ƙananan abubuwa rawaya suna lilo a jikin kowane kai, in iska ta zo sai su yi ta karkarwa. Na duba iskar da kyau, Kawu, na sa hannu a cikinta na duba tafina. Babu komi.

Ɗiyarka,
Hafsa